Darasin Ƙarshe Kafin Tafiya

"Sake faɗa," in ji malamin. "Harshe tsakanin haƙora."

Ɗalibar ta ture madubin da take duba bakinta a ciki. Gobe za ta bar birnin San Pedro Sula, ta bi ta ƙasa zuwa Amurka, ƙasar da aka koro malamin daga cikinta. Amma ya kafe kan jimla ɗaya ta Turanci.

"Malam, ai ko haka za a gane."

"Yarinyar da za ki faɗa wa ba ta jin Sifaniyanci, kuma ba za ta saurare ki sau biyu ba." Ya nuna mata wayarsa. "An toshe lambata. Waya a hanya ake ƙwacewa, takarda kogi ke cinyewa. Bakinki kaɗai zai tsallaka."

Ta jawo madubin, ta maimaita a hankali:

"Babanki bai gudu ya bar ki ba."