Mai Gadi Ya Daina Barci

"Likita, ka cece ni," in ji mai gadi, yana atishawa a cikin hularsa. "Maganin da nake sha yana tsayar da hanci, amma sai ya shimfiɗe ni a bakin ƙofa kamar gawa. Alhaji ya ce in ya sake jin minsharina, in naɗe tabarmata."

Likita ya ce ba mura ba ce, jikinsa ne ba ya shiri da furannin harabar gidan. Ya rubuta masa wata ƙwaya, ɗaya a rana, wadda ba ta sa barci.

Kai, mai gadi ya zama sabon mutum! Hanci a bushe, ido tar. Yana buɗe ƙofa yana rangaji, yana gaisuwa da ƙarfi don a san yana aiki.

"Sannu da dawowa daga dubiya, Hajiya! Ashe asibitin har gwal suke sayarwa?"

"Ranka ya daɗe, tabar da ka daina sha ta faɗo daga mota. Na ba Hajiya ta ajiye maka."

Washegari aka kira shi falo. Ya shiga yana washe baki, yana jiran ƙarin albashi. Miji da matar da ba su taɓa haɗa baki a kan komai ba suna zaune kafaɗa da kafaɗa.

"Baba, aikinka na nan," in ji Alhaji. "Amma sabon maganin nan bai karɓe mu ba."

Hajiya ta miƙa masa matashin kai, sabo dal.