Matar da Ta Zauna Kan Tsani

Habsa ta zauna daram a kan tsanin da ke kwance a ƙasa, ta naɗe ƙafafu, ta ce ba mai ɗaga shi.

Kusa da ita, a ƙasan ramin tankin ruwa da kamfaninsu ke haƙa wa wani ƙauye a hanyar Sanam, Ibrah magini ne kwance yana nishi. Da hantsi tsanin da yake sauka da shi ya karye, ya tafi da shi har ƙasa. An jefa masa igiya, ashe hannun da zai kama ta da shi ya karye. Wani ya gwada bin igiyar, bangon rairayi ya fara zubowa kan wanda ake son ceto, aka yi maza aka janye shi. Tsani ɗaya ya rage, shi ne kuwa Habsa ta zaune.

Aikinta ke nan a kamfanin, duba tsani da igiya kafin kowa ya taka. Amma wannan tsanin da wanda ya karye, duk a ƙauyen aka aro su, kuma motar da ta kawo ta daga Filinge ta iso ne bayan mai aukuwa ta auku. Ko leƙa ramin ba ta yi ba. Ta wuce wurin tsanin, ta ƙwanƙwasa shi da guduma mataki mataki. Daga tsakiya ya amsa kamar ƙwaryar da ba komai a ciki. Ta soka ƙusa, gari ya zubo. Gara ta cinye cikin, ta bar bayan sumul. Nan take ta buga waya Filinge a taho da tsanin ƙarfe.

To, jira kuwa ba ya cikin tsarin mutanen gari. Hamidu, ƙato mai ƙirar samudawa, har ya tuɓe riga zai shiga. Shi ya sa ta zauna. Ta san duk zafin ran namiji a nan ƙasar Kurfai, ba zai kai hannu jikin matar wani ba.

Suka kewaye ta, ko iska ba ta samun hanya. Magagi, dattijon da ke da tsanin, ya ratso yana dogara sanda.

"Ke ɗiyata, tashi. Mutum na mutuwa, ke kina zamne? Da tsanin ga nike hawa rumbu tun ba a haife ki ba."

"Baba, in Hamidu ya taka shi, a kansa zai faɗo. Gawa biyu za mu fid da."

"A kansa, a kansa. Ko sunan bawan Allah ba ta iya kira. Don ba naki ba ne."

Abdurrazak, shugaban leburori, ya buɗe baki zai yi magana. Habsa ta watsa masa harara, ya haɗiye abinsa. Ma'aikatan da suka zo daga Filinge duk suka sunkuyar da kai, ba wanda ya sa baki a zagin.

Zagi kam ta sha shi. Mai zuciyar dutse, 'yar boko, wadda kamfani ya saye wa imani. Rana ta take tsaka, gumi ya jiƙa mata hijabi sharkaf, ƙafafunta suka yi tsami ba halin miƙewa. Magagi ya aika gona a kira matan ƙauyen su zo su ɗauke ta cak. Habsa ta ji da kunnenta. In matan suka riga motar isowa, shi ke nan.

Tsoro ya cika ta fal. Surutun jama'a bai hana ta jin nishin ramin ba, ita shi kaɗai take saurare. Yana ta raguwa. Can sai ya ɗauke.

Wani ya fara salati. Hamidu ya durƙusa gabanta yana roƙo da hawaye. Habsa ta damƙe katakon har farcenta ya shige cikin ruɓar. Zuciyarta na cewa tashi, wataƙila tsanin ya ɗauki mutum ɗaya. Ta dubi garin da ke ƙarƙashin farcenta, ta gyara zama.

Matan sun ɓullo ta bayan rumbuna ke nan aka ji ƙugin mota. Kafin su gama tambayar abin da ya faru, an sauke tsanin ƙarfe. Shi ma sai da ta bi ƙusoshinsa ɗaya bayan ɗaya, jama'a na tsaki, sannan ta ce a zura.

Hamidu ya sauka, ya ɗaure Ibrah a goye, ya hauro da shi. Suma ya yi, da aka yayyafa masa ruwa ya buɗe ido. Aka shimfiɗe shi a kan ƙyaure za a sa a mota. Habsa na gefe, ta juya baya, kafaɗunta na girgiza.

Magagi dai bai huce ba.

"Yau na ga taurin zucciya. Wallahi sai na nemi mijin wagga mata na yi mai jaje. Wane ne shi? Ina yake?"

Daga kan ƙyauren, Ibrah ya ɗaga hannunsa mai lafiya da ƙyar.

"Ga ni nan, Baba."