Motar da Aka Saya wa Tsofaffi

Tunda kai ma jama'a sun ɗora maka shugabanci, zauna ka ji abin da ya sami wani mai sayar da katako. Mutum ne mai son alheri, shi ke jagorantar ƙungiyar unguwarsu. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne wahalar tsofaffi. Wanda a da yake tuƙa kekensa, yanzu ido ya yi rauni. Wadda a da take zuwa kasuwa da ƙafa, gwiwa ta ƙi. Babur ɗin haya kuwa ba ya hawuwa ga mai ciwon baya. Sai ya tara 'yan ƙungiya, duk majiya ƙarfi irinsa, aka yi karo-karo aka sayo doguwar mota mai kujeru masu laushi, don ta riƙa kai tsofaffi asibiti da kasuwa da masallacin Juma'a kyauta. Wasu dattawa suka aiko cewa suna so a zauna da su kafin a yanke shawara. Ya mayar musu da gaisuwa, ya ce su huta, wannan aikin 'ya'ya ne. Da yake motar ba ta iya shiga lungu, aka yi mata wurin tsayawa a bakin titi, tsallaken lambatu, shi da kansa ya ba da katakon ƙetarawa. Aka yi buki, aka sha jawabi. Amma kullum sai motar ta tashi kusan wayam, wata rana ma direba kaɗai. Mai katako ya fara gunaguni a majalisa, wai tsofaffin yanzu ba su san alheri ba.

Wata rana da hantsi yana tsaye jikin motar da wasu baƙi da yake nuna wa aikinsa, sai ga mai garuwa ya ɓullo daga lungu yana tura kurar ruwa. Babu jarkoki a ciki, wata tsohuwa ce zaune a kan tabarma, ta ja mayafi ta rufe fuska. Da kurar ta matso ya gane ta. Gwaggonsa ce, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, za ta asibiti. Ya sheƙa ya durƙusa, ya tambaye ta abin da ya hana ta shiga mota ga ta nan a tsaye. Ta yi ƙasa da murya don kada baƙi su ji, ta ce, “Na gwada, ɗan nan. Kafin in kai titi numfashina ya ƙare, katakon nan naka kuma yana rawa. Matakin motar ya kai mini gwiwa, sai da maza suka tura ni ta baya, surukina yana kallo. Kurar nan ta fi rufa mini asiri.”

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Bai iya waiwayar baƙinsa ba. Ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya karɓi kurar daga mai garuwa, ya tura ta har asibiti, kansa a sunkuye. Kashegari ya bi zaurukan dattawan nan da gidajen tsofaffin mata, ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa, ya ce su gafarce shi, su faɗi yadda suke so. Suka ce a sayar da motar a sayo keke mai ƙafa uku da zai shiga har ƙofar gida, a kafa benci a inuwar darbejiya don mai jira, su kuma za su tsara ranaku da lokutan tashi. Haka aka yi, keken bai taɓa tashi da sauran gurbin zama ba. Shi kuwa ya daɗe ba ya iya haɗa ido da masu garuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.