Ranar Da Ba A Hura Wuta

Inna na tsugune gaban murhu da ashana a hannu, sai 'yarta mai shirin jarrabawar addinan duniya ta karanto a fili: "Daga magaribar Juma'a zuwa ta Asabar, Yahudawa masu riƙo da addininsu ba sa aiki. Ko wuta ba sa hurawa."

"Har matansu?"

"Har matansu, Inna."

Shekara talatin ke nan Inna tana suyar ƙosai a bakin titin Gyaɗi-Gyaɗi. Ko ranar Sallah sai ta hura wuta.

"To, kowa da addininsa," in ji ta.

Ta zaro tsinken ashana. Ƙullu na jira, gwiwoyinta na zugi. Ta daɗe ba ta ƙyasta ba.

"Ke, sake karanto min wurin nan. A hankali."