Rawar Motar Baba Tagwai

A bakin kasuwar Narayi motar ta sake yin halinta. Baba Tagwai ya tsaya ya ba wata mai tallar doya hanya, sai inji ya hau shessheƙa, ya yi sama, ya yi ƙasa, ya yi sama, kamar tsohuwa mai ciwon fuka. Masu keke suna leƙowa suna dariya. Matarsa Esther tana gefe da kwandon tumatir a cinya.

Motar tsohuwa ce, irin waɗanda aka harhaɗa a Kakuri tun Esther na da haƙoranta duka. In tana gudu a titi, lafiya lau. Tsayuwa ce ba ta iya ba. Makanikai suna ce wa abin silo, wato numfashin inji in mota na tsaye, nata kuwa ya rikice tun farkon damina.

Ga shi ranar Asabar auren jikarsu Dorcas. Baba ya rantse a motar nan za a kai ta coci, domin ita ta kai uwarta. 'Ya'yansa suka ce sun ji, amma ba za a tsaya da amarya a ƙofar coci mota tana karkarwa ana ɗaukar bidiyo ba. Ko a gyara kafin Juma'a, ko su yi hayar wata.

To, Baba mutum ne mai doka. Kujerar direban nan ba wanda ya taɓa zama a kanta sai shi. Ko makanike ne, iyakarsa gaban mota. Baba zai zauna ciki, ya murɗa makulli, ya ɗora ƙafa a hankali bisa totur irin na tsofaffin direbobi don kada ta mutu, ya leƙo ta taga yana koya wa mutum sana'arsa.

Makaniken Romi ya saurara ya ce fulogi ne. Aka canza fulogi, ta ci gaba da rawa. Na Unguwar Boro ya ce kafireta ce ta toshe. Ya kwance ta, ya wanke da fetur, ya hura da bakinsa har idonsa ya yi ja, ya mayar. Ta ci gaba. Na uku ya gano wani tiyon iska da ya tsage, ya ɗaga shi sama kamar ya kamo ɓarawo. Aka sa sabo, aka haɗa da matatar mai. Wani dattijon coci ma ya zo da man addu'a ya shafe bonet. Motar ta yi ƙyalli, ta ci gaba da rawarta.

"Yaran yanzu ba makanikai ba ne," in ji Baba. "Masu canza kaya ne."

Ai a wurinsa duniyar ce duk ta lalace. Teburin shayi ya gurgunce, ya sa an cusa masa kwali. Bencin coci ma kafinta ya cuce su. Esther ta wanke wandon da shayi ya ɓata, ta shanya.

Ranar Alhamis ta ce su je Makera wurin Malam Auwal, tsohon makanike sa'an Baba, wanda suka yi shekaru suna zagin juna cikin mutunci.

"Har yanzu wannan gwangwanin bai mutu ba?" in ji Auwal.

"Shi zai kai ka maƙabarta. Buɗe ka duba."

Auwal ya ɗaga bonet. Ya kasa kunne. Ya duba fulogi, sababbi. Ya shafa tiyo, sabo. Sai ya tsaya yana kallon wayar totur, tana ja tana saki, ya daɗe yana kallo. Ya ɗago ya dubi Esther, wadda ta zagayo ta tsaya kusa da shi. Ita ma ta dube shi. Ta girgiza kai kaɗan, irin na kada ka soma.

Auwal ya yi 'yan ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe da yatsa a jikin ƙarfe, ya yi tari, ya goge hannu.

"Tagwai, fito ka ji da kunnenka. Daga ciki ba za ka ji daidai ba."

"In ta mutu fa?"

"In ta mutu na saya maka sabuwa."

Baba ya fito yana mita, ya zo ya dafa gefen mota. Injin ya kwanta. Numfashi ɗaya, santsi, kamar jinjirin da ya ƙoshi. Kana iya ɗora kofin shayi a kai.

"Kin gani?" Baba ya juya ga Esther, fuska duk haƙora. "Na ce miki sai tsohon hannu! Me ka taɓa?"

"Sirrin sana'a," in ji Auwal. "Amma da sharaɗi. Ranar Asabar ni zan ja ta, in ji yadda gyaran ya zauna."

"Kai? A kujerata?"

"Haba, Baban yara," in ji Esther. "Kakan amarya guda yana tuƙi kamar ɗan haya? Ka sha babbar riga ka kame a baya kusa da Dorcas, mutane su san tana da kaka. Ranar Litinin kuma ka raka ni asibiti, gwiwata ta dame ni."

Baba ya yi tunani. Babbar riga dai tana ƙasan akwati, ba ta ga rana ba tun bikin uwar Dorcas. Ya ce to, amma Auwal ya wanke ƙafa kafin ya shiga.

Esther ta riƙo hannunsa, abin da rabonta da yi a bainar jama'a tun suna saurayi da budurwa. Auwal dai sifanarsa tana aljihunsa, ko fito da ita bai yi ba. A ƙasa kuwa, cikin baƙin man gareji, ƙafar Baba ta dama tana ta rawarta ita kaɗai: sama, ƙasa, sama.