Waƙar da Ke Cikin Gafakar Malam

Ina aji huɗu a Dangora, wata rana bayan la'asar kakana, wanda muke kira Malam, ya kira ni zaure. Ya kwance wata tsohuwar gafaka mai warin fata da hayaƙi, ya zaro takardun da suka yi jawur.

"Idon ya ƙi. Tunda ka iya ajami, karanta min."

Waƙa ce da ya rubuta yana saurayi, yana kurin yadda yake kai ƙarshen kunya a gona kafin sa'anninsa su kai rabi. Na fara karantawa tiryan-tiryan.

"Kai, tsaya! Wasiƙa na ba ka? Waƙa rera ta ake yi."

Ya yi gyaran murya, ya ɗauko baitin farko da ka. Bai kai ƙarshe ba tari ya sarƙe shi. Ya sake ɗaukowa, muryar ta karye. Ni kuwa, shashasha, sai dariya ta ƙwace min.

Bai yi min faɗa ba. Ya karɓe takardunsa yana huci, ya ce, "Yaron da ya rubuta wannan ya cuce ni. Bai faɗa min abin ƙarewa yake yi ba."

Yau gafakar tana hannuna, kaina ya yi fari fat. Kowane harafi yana nan, amma karin muryar Malam ya tafi da shi kabari. Jiya jikana ya karanta min waƙar kamar wasiƙa. Na daka masa tsawa, na buɗe baki in nuna masa yadda ake rerawa, sai na tarar abin da na riƙe tarin ne kawai.