Wutar Kurmin Bayan Zugu

Lubabatu ta danna maɓallin kwamfutarta, ɗigo huɗu na hoton suka haɗe suka zama ɗaya. Har yanzu babu komai sai tsakuwa-tsakuwa, kamar gero da ba a sheƙe ba.

A jami'a, wannan manhaja ta nazarin taurari ce. In tauraro ya dusashe har ya ɓace cikin hoto, sai a riƙa haɗe ɗigogi maƙwabta, a haɗe kwanaki su zama mako, har ɗan haskensa ya taru ya fito. Yau kuwa, a zauren kawunta a Gummi, ba sama take dubawa ba. Hotunan zafin ƙasa ne da tauraron ɗan adam ke ɗauka kullum da azahar, na dajin da ke bayan Zugu.

Tun da ɓarayin daji suka ƙone ƙauyensu take neman maɓoyarsu. Masu ƙarfi sun tsere a kan babura. Innarta da tsofaffin unguwa, abokan azuminta na Litinin da Alhamis, ba wanda ya ƙara ganinsu. Aka ce an kashe su, har aka yi zaman makoki. Lubabatu ba ta yi kuka ba, wallahi zuciyarta ta bushe, fansa kawai take so.

Ta sake haɗe ɗigogin. Ta tattara kwanaki mako-mako. Can sai ga wani ɗan ja-ja a tsakiyar kurmi, wuri ɗaya, mako bayan mako. Wuta ce ake hurawa. Ƙarama ce ƙwarai, ta masu ɓuya.

Ta kira Nababa, ɗan kawunta, shugaban 'yan sa-kai.

"Yaya, na gan su."

Ya leƙo, ya daɗe yana kallo. "Nan matsiyatan sunka laɓe? To, ciyawa ta bushe. Zagaye kurmin nan za mu yi mu cinna mishi wuta, ko ɓera ba ya hita."

"Kada ku bar ko ɗaya," in ji ta.

Washegari da hantsi baburansu suka tashi, jarkokin fetur a ɗaure a baya. Daga an wuce Zugu kuma waya ba ta shiga.

Hankalinta ya ƙi kwanciya. Malaminta yakan ce mai haɗe ɗigogi yana samun haske ne ya rasa bayani, don haka a koma a warware kafin a yanke hukunci. Ita kuwa zumuɗi bai bar ta ta warware ba. Ta buɗe kwamfutar, ta tsaya kan ɗigon nan, ta raba makonnin zuwa kwanaki.

Wutar ba kullum take ba. Akwai giɓi biyu a kowane mako, kuma ba sa kuskure. Wane irin ɓarawo ne ke da ranar hutun girki? Ta duba sunayen ranakun. Ta kira wayar Nababa, a kashe. Ta sake kira, ta sake, tana salati da ƙarfi har matan gida suka fito.

Mutanen kurmin nan ba sa ɗora tukunyar rana ranar Litinin da Alhamis.